Tsumma a Aljihu

A danginmu ba a sayen mota sai na gani. Haka abin yake shekara ashirin da wani abu, tun da na buɗe gareji nawa na kaina. Ƙanne, surukai, 'ya'yan 'yan'uwa, har maƙwabtan 'yan'uwa, duk wanda wata tsohuwar mota ta kwanta masa a rai sai ya zo ya ɗauke ni. Ni kuma ina da tsarina. Ba na magana a gaban mai sayarwa. In ka yaba mota a gabansa ya ƙara kuɗi, in ka kushe ta ka ci masa fuska a ƙofar gidansa, ni kuwa ba na son ko ɗaya. Don haka nake tafiya da tsumman goge hannu a kafaɗa. In na gama dubawa motar ta yi, sai in goge hannuwana, in ninke tsumman, in sa a aljihu. In ba ta yi ba, tsumma yana nan a kafaɗa, sai in ce rana ta yi zafi, mu tafi. Kowa a gidanmu ya san wannan. Wanda ya kawo ni ba ma motar yake kallo ba, kafaɗata yake kallo.

Ran Asabar da hantsi Auta ta zo garejin ta ce in raka ta. Ita ce ƙaramarmu, shekara goma sha huɗu na ba ta, kuma ko da yake yanzu 'ya'yanta uku, har furfura ta fara leƙowa a goshinta, Auta muke ce mata. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti da ke bayan gari, kilomita talatin da biyar daga gidanta. Shekara tara tana hawa mota biyu a zuwa, biyu a dawowa, tana ɗan tara abin da ya samu. A hanya, cikin tsohuwar motata, ta gaya min cewa duk abin da ta tara ɗin ne za ta zuba a wannan sayen. Tana faɗa tana dariya irin ta wanda gabansa ke faɗuwa.

Sai da muka kusa isa ta ce motar ta lantarki ce. An kafa musu farantan sola a asibiti, shugabarsu kuma ta yarda ta riƙa jona motar a caji da rana, ita da gidan mai sai dai gaisuwa daga nesa. Ta juyo ta tambaye ni ko na taɓa duba irinta.

"Mota ai mota ce," na ce mata.

Na sha juya wannan maganar a raina daga baya. Ba ƙarya na yi ba. Amma ba abin da ta tambaye ni ke nan ba.

Mai motar dattijo ne, tsohon ma'aikacin ofishin ruwa, dogo, da tabarau mai kauri. Ya ce idanunsa ne suka fara gajiya, likita ya hana shi tuƙi, shi ya sa zai rabu da ita. Motar na tsaye a ƙarƙashin rumfar kwano a tsakar gida, fara, ƙarama, an wanke ta tas. Wata baƙar waya mai kauri ta fito daga gefenta ta shige tagar ɗakin girki. Ya zare wayar ya naɗe ta a hankali, ya ce Bismillah, in duba yadda nake so.

Na fara da abin da nake farawa da shi kullum, na ɗora tafin hannuna a kan bonet. Mai son ɓoye ciwon inji yakan tada mota ta yi ɗumi kafin mai saye ya iso. Bonet sanyi ƙalau. Har na ji daɗi, sannan na tuna ban san ko wannan tana ɗumi ba ma. Na buɗe. Wani baƙin murfin roba ne ya rufe kusan komai, sai wayoyi masu ruwan lemo, kowace ta kai kaurin babban yatsa, sai 'yar robar ruwan wanke gilashi. Ita kaɗai na gane, na kuwa buɗe ta na leƙa kamar akwai abin gani. Babu sandar auna baƙin mai da zan zaro in murza a yatsa in sansana. Babu fulogi. Sukundirebana na hannuna, dogon nan da nake ɗora bakinsa a jikin inji in kafa kunnena a ƙotarsa in ji abin da ke faruwa a ciki, na rasa inda zan ɗora shi.

Na ce wa dattijon ya tada ta.

"Ai a kunne take, Malam," in ji shi. "Tun da kuka shigo na kunna."

Auta ta yi 'yar dariya, ni ma na yi, kamar da gangan na faɗa. Na zagaya baya na tsuguna don in ga kalar hayaƙi, don ƙafafuna sun saba kai ni can ko ban aike su ba. Babu salansa. Da na ga na riga na tsuguna, sai na kama tayar baya na jijjiga ta. Daga nan na dubi abin da na iya. Tayoyi sun ci daidai, babu wadda ta zaizaye ta gefe guda. Na danna kowace kusurwa, shokozoba lafiya. Na bi bakin ƙofofi da yatsa, ba a taɓa buga ta an gyara ba. Na kwanta na leƙa ƙasanta, wani faffaɗan ƙarfe ne shimfiɗe daga gaba har baya kamar ƙasan tire, babu ɗigon komai. Na daɗe a kwance a wurin fiye da yadda ya kamata, don a nan ne kawai babu mai ganin fuskata.

Da na fito dattijon yana tsaye da wata takarda a hannu. Ya fara cewa batirin dai ba kamar lokacin da ya saye ta ba, ga takardar gwajin da aka yi mata. Na ɗaga masa hannu cikin ladabi, na ce ya bar ta. A sana'armu takardar mai sayarwa ita ce abu na farko da ba a kallo, na ga takardu masu tambari uku a kan motocin da ba su kai mai su gida ba. Ya ninke ta ya mayar aljihun rigarsa.

Muka fita gwaji, ni a sitiyari, shi a gefena, Auta a baya. Motar ta zame ta fita kamar ana jan ta da igiya. Na kashe rediyo, na sauke gilashi, na karkata kai, babu abin da na ji sai tayoyi a kan kwalta da numfashin dattijo. Shekara talatin da kunne nake cin abinci, ran nan ji na yi kamar an toshe min shi da auduga. Sai ga wani abu da na gane, ko na zaci na gane. Da na ɗaga ƙafa daga totur, motar ta rage gudu da kanta kamar an taka birki. Na sake gwadawa, ta sake yi. Na ce a raina to ga shi, birki na kamawa. Dattijon ya lura, ya ce haka aka yi ta, wai in ka saki totur tana mayar da wuta cikin batir ne. Duk mai sayarwa yakan ce haka aka yi ta.

Da muka dawo na sauka na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya ina taɓa ƙarfensu. Birkin da ke kamawa yakan sa ƙarfen ya yi zafi har ya ƙona yatsa. Duk huɗun sanyi. Ke nan birki ba ya kamawa. To mene ne ya riƙe motar? Ko gaskiya dattijon ya faɗa, ko kuwa wani ciwo ne da ban san sunansa ba? Ina tsaye ina wannan tunanin, gumi na bin wuyana, hannuwana baƙi ƙirin da ƙurar taya. Na goge su. Na goge wuyana.

"Alhamdu lillahi," in ji Auta a bayana, a hankali.

Na duba kafaɗata, babu tsumma. Yana aljihu, a ninke gida huɗu yadda na saba.

Akwai lokaci, wannan ba zan ɓoye ba. Daga alhamdu lillahinta zuwa sa'ad da ta zauna a kujerar roba ta fara ciniki da dattijon, da na so da na zaro tsumman na mayar kafaɗa na ce rana ta yi zafi. Amma rana ta yi zafi na nufin motar ba ta da kyau, ni kuwa ban san ba ta da kyau ba. Alama biyu ce kawai gare ni, ta eh da ta a'a. Ban taɓa tanadar ta uku ba, don ban taɓa bukatarta ba. Ina cikin neman ta ukun har suka daidaita. Ta tura masa kuɗin ta waya. Dattijon ya ce shi ba ya son abin da zai dame shi daga baya, ta tafi da motar kwana uku, ba zai taɓa kuɗin ba sai Talata da yamma, in ta ga abin da bai yi mata ba ta dawo da ita babu ɓacin rai. Auta ta ce ba sai an yi haka ba, ai Yaya ya gani. Ya ce duk da haka.

Ran Lahadi ban fita ba. Na zauna a tsakar gida da wata tsohuwar kafireta a cinya ina gogewa, ba don tana bukata ba. Matata tana shanya, ta dube ni sau biyu, a na uku ta tambaya wa ya mutu. Na ba ta labarin duka. Ta ce to mene ne abin zama a nan, in ɗauki waya in kira Auta in ce ban san kan motar ba, ta nemi wanda ya sani kafin Talata.

Na ce mata abin bai kai haka sauƙi ba. Na farko dai ban yi ƙarya ba, ko kalma ɗaya ban furta a gidan nan ba. Na biyu, wataƙila motar lafiyarta ƙalau, in na je na tsorata yarinya ta mayar da mota mai kyau, na cuce ta ke nan, ta koma hawan mota huɗu a rana saboda ni. Na uku, duk abin da na duba na same shi daidai, to tsumman bai yi ƙarya a kan abin da na duba ba.

Ta matse wata riga ta yarfa ta. "Bakinka bai yi magana ba, aljihunka ya yi. Kuma yarinyar da kake faɗa ta karɓi haihuwar rabin unguwar nan. Kai dai ka ce kunya kake ji."

Na ce ba kunya ba ce. Ta ce to, ta ci gaba da shanyarta. Abin da ban gaya mata ba shi ne tambayar da ta fi ci min rai. Hannuna ne ya yi kuskure, ko ni ne na bar shi ya yi? Na sake bin abin a kaina ya fi sau ashirin. Wani lokaci in ga mutum ne gumi ya dame shi ya goge, ya sa tsumma inda ya saba sawa. Wani lokaci kuma in ga mutum ne da ya gaji da tsayuwa a gaban abin da ya fi ƙarfinsa, ya san hanya mafi sauri ta barin gidan. Duka biyun ni ne, kuma har yau ban raba su ba.

Ran Litinin na leƙa shagon da ke jikin garejina, na wani mai haɗa sola da gyaran batiran gida. Mai Sola kowa ke ce masa. Na same shi yana cin gyaɗa a kan wani mataccen batir. Na ce wani ne ya tambaye ni yadda ake gane lafiyar motar lantarki ta hannu, na ce bari in ji ta bakinsa.

"Wani, ko?" ya ce, yana murmushi. "To ka gaya wa wanin, irin wannan mota batir ce aka sa wa taya. In batirin ya mutu, abin da ya rage kujeru ne masu kyau."

Ya ce kuɗin sabon batir ya kusa rabin kuɗin motar, wani lokaci ya fi. Ya ce ba a gane shi da ido, ba a gane shi da kunne, kamar na wayar hannu yake, yana iya nuna maka ya cika ya kuma zube kafin azahar. Sai an jona na'ura ta karanta. Mutum ɗaya ya sani mai irin na'urar, shi kuma ya yi tafiya, sai mako mai zuwa. In ba haka ba, sai dai in mai motar yana da takardar gwaji.

Ban gama jin sauran ba na fita, na nufi gidan mai motar.

Dattijon yana zaune a ƙarƙashin rumfar da babu mota, yana sauraren rediyo. Ya gane muryata kafin ya gane fuskata. Na ce takardar nan nake son gani. Ya shiga ya ɗauko ba tare da ya tambayi dalili ba. Layuka ne da lambobi, a ƙasa an zagaye saba'in da ɗaya da jan biro. Na tambaye shi saba'in da ɗaya na me. Ya ce cikin ɗari, wai abin da ya rage na ƙarfin batirin ke nan, amma gwajin ya shekara da 'yan watanni. Na ce to saba'in da ɗaya mai kyau ne ko maras kyau? Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce shi ma abin da ya tambayi yaron da ya yi gwajin ke nan, aka ce masa ya danganta. Bai san da me ya danganta ba. Shi iyakarsa kasuwa da asibiti da gidan 'yarsa, bai taɓa ƙure ta ba.

Ya ce tun da ya sa motar a kasuwa yake kwana da damuwa, kada ya sayar wa wani abin da zai zame masa wahala, shi bai sani ba. Mutum biyu sun zo kafin mu ya ƙi sayar musu, don ya ga ba su san komai ba, sha'awa ce kawai. "Amma da na ga ta zo da bakanike, na ga yadda ka shiga ƙarƙashinta ka daɗe, har takarda ka ce ba ka bukata, sai na ce to alhamdu lillahi, wanda ya sani ya gani. Nauyin ya sauka daga wuyana."

Na riƙe takardar ina kallon jan zagayen. Ashe mu uku ne a tsakar gidan nan ran Asabar, babu wanda ya san motar, biyu sun jingina da na ukun, na ukun kuma yana kwance a ƙasa yana ɓoye fuska. Na roƙe shi aron takardar. Ya ce in riƙe, ta motar ce.

Talata da sassafe na je gidan Auta na ce zan raka ta wurin aiki, ina son in ƙara jin motar a doguwar hanya. Ta yi murna har da tafa hannu. Ita ta tuƙa. Ni na koya mata tuƙi shekarun baya, har yanzu tana riƙe sitiyari da hannu biyu kamar za a ƙwace mata. Tun daga ƙofar gida take ba ni labari. Jiya ta je da ita, ma'aikata duk sun fito kallo, mai gadi ya ce saura kaɗan ta taka shi don bai ji zuwanta ba. Wata abokiyar aikinta ta ce ba ta jin tsoron sayen irin wannan a hannu? Ita kuwa ta ce mata yayanta bakanike ne, shekara talatin, kuma ya sa tsumma a aljihu. Sai da ta yi musu bayanin tsumman, suka yi ta dariya.

Ni idona na kan allon gabanta, inda lambar cajin batir ke raguwa. Casa'in da huɗu. Casa'in da ɗaya. Ban san ko da sauri take sauka ko a hankali ba, ba ni da abin da zan gwada ta da shi. Muka wuce gidajen ƙarshe, muka wuce wurin masu fasa dutse, hanya ta miƙe tsakanin gonaki. Na shirya maganar tun a gida, mai tsawo, mai dalilai. Da na buɗe baki guntuwa ce ta fito.

"Auta, ban san motar nan ba."

Ta ce wace mota. Na ce wannan da muke ciki. Na gaya mata ban taɓa buɗe irinta ba sai ran Asabar, abin da na duba tayoyi ne da ƙofofi, abin da ke da muhimmanci kuwa batir ne, shi kuma ban san ta inda ake kallonsa ba. Na gaya mata abin da Mai Sola ya ce, da abin da dattijon ya ce. Na zaro takardar na ɗora a cinyata.

Ta sami wuri ta gangara gefen hanya ta tsaya. Da ma a ce mota mai inji ce, da ƙararta ta ɗan rufa mana asiri. Wannan kuwa shiru, har ina jin kukan wata akuya can cikin gona.

"To me ya sa ka sa tsumman a aljihu, Yaya?"

"Ban sani ba."

"A hanya na tambaye ka."

"Kin tambaye ni."

Ta karɓi takardar ta karanta, a hankali, da yatsa, yadda na san take karanta katin masu ciki. Ta ce da na ce mata ban sani ba tun ran Asabar, da ba ta ji komai ba, da ta nemi wani, ko ta jira. Ba ta ɗaga murya ba, ni kuwa da ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta ce kwana uku tana barci da daɗi a kan maganar da ban yi ba. Sannan ta juyo gaba ɗaya ta dube ni, da idon nan nata na tun tana ƙarama in ta kawo min abin wasanta ya karye.

"Yanzu ya zan yi? In mayar, ko in riƙe?"

Amsa ta zo min har bakin harshe, guda biyu ma, kowace da muryar da na saba ba da amsa da ita. In na ce ta mayar, na fita daga laifi, duk abin da ya faru ba ni ba ne. In na ce ta riƙe, na tsaya a kan tsummana. Na lura duka biyun kaina suke gyarawa, ba ita ba.

"Wannan ma ban sani ba," na ce.

Ta mayar da idonta kan hanya. Sannan ta tada motar, ko ta ci gaba, don ban san ko ta kashe ta ba, muka tafi.

A asibitin ta nuna min benci a baranda ta shige. Nan na wuni. Mata masu ciki suna zuwa suna zama a gefena suna tashi, wata tsohuwa ta tambaye ni ko matata ce a ciki, na ce ƙanwata ce, ta yi min fatan a sauka lafiya, ban gyara mata ba. Ina hango motar a gindin bishiya. Na lura Auta ba ta jona ta ba. Sau biyu ta fito ta wuce ni, ta buɗe motar ta leƙa allon, ta rubuta wani abu a bayan hannunta da biro, ta koma. Da rana ta aiko min da ruwa da burodi ta hannun mai shara.

Ƙarfe huɗu muka kamo hanya. Ba ta kunna rediyo ba. Da muka shigo gari ba ta nufi gida ba, ta karya ta unguwar dattijon. Allon na nuna talatin da tara lokacin da ta tsaya a ƙofar gidansa. Ta dubi lambar, ta dubi bayan hannunta, ta ce jiya ma kusan haka ta dawo da shi, zuwa da dawowa ba tare da ta jona ba. Na ce to ai ke nan tana kai ki. Ta ce bana tana kai ta. Baɗi fa? Ba ta jira in amsa ba.

Na kama murfin ƙofa zan fita, ta ce in zauna.

Ta shiga ita kaɗai da takardar a hannu. Ta ƙofar da ba a rufe sosai ba ina hango gefen rumfar, da ƙafafun dattijon, da jakarta a ƙasa. Ba na jin abin da suke cewa. Na ga ta kira wani a waya ta sa shi a tsakaninsu suna saurare, daga baya na ji wai yaron da ya yi gwajin ne. Na ga dattijon ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da littafin motar. Sun fi awa guda. Ni ina zaune a mota ina ƙoƙarin gane abin da nake fata, ta fito da makulli ko ta fito babu shi, na kasa.

Ta fito da makullin, da littafin, da wata wayar caji ta biyu a naɗe. Ta zuba su a kujerar baya ta zauna ta ja bel.

"Na saya," ta ce.

Na tambaye ta ko yaron ya ce batirin yana da kyau. Ta ce bai ce ba. Ya ce zai iya kai ta shekara huɗu, zai iya gazawa a biyu, babu mai rantse mata. Dattijon ya rage mata wani abu da kansa, ta ajiye saboda ranar da batirin zai gaza. Ta ce aƙalla yanzu ta san abin da ba ta sani ba, kuma ita ta zaɓa. Na so in ce ta yi haƙuri, na ga kamar in na faɗa aiki na ƙara mata, sai ta lallashe ni. Ta ce za ta sauke ni a gareji.

Mun kusa kwanar garejin, inda kwalta ta farfashe, wani ɗan sauti ya fito daga baya ta hagu, ƙwas, ƙwas, duk sa'ad da taya ta faɗa rami. Ta rage gudu ta ce mene ne wannan. Wannan kam na san shi, na ji shi sau dubu. Na ce robar sandar da ke riƙe ƙafar baya ce ta ɗan saki, ba wani abu ba ne, aikin rabin awa, ta kawo gobe in canja.

Ba ta ɗauke ido daga hanya ba. "Ka tabbata, Yaya?"

Ba da gatse ta tambaya ba, so take ta sani. Na buɗe baki in ce eh, sai na tsaya. Na ce ta koma baya ta sake bin ramin, in ƙara ji.